Rabin Ambulan

Litinin, huɗu ga wata

Baban yara,

Sallama a gare ka. Ina gaishe ka da aiki da zaman daji, da fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Auta ta yi mako biyu farfaɗiyar ba ta tashi ba, tana shan maganinta safe da yamma. Ni kuwa ƙafafuna ne, ka san tsayuwar ɗakin wanki na asibiti.

Gaisuwa ta ƙare, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Ranar Asabar direban motar da ke kai muku kayan abinci ya kawo mini ambulan. Tun a hannu na ji shi sakayau. Na buɗe a gabansa na ƙirga, na sake ƙirgawa, har na zazzage ko wasu sun maƙale. Bawan Allah ya ga irin kallon da nake masa, ya ce, "Inna, wallahi yadda Kuku ya manne shi haka na kawo, ko a rana ban ɗaga na leƙa ba." Na ba shi haƙuri. Sai ga 'yar takardarka a ciki, layi ɗaya tal: "Tunda 'Yar Fari ta tafi makaranta, ga kason Auta."

Kason Auta! Ban yi karatu mai nisa ba, a aji shida na tsaya, amma na san rabi in na gan shi. Na zauna bakin gado. Auta ta ce, "Inna, Baba ya rubuto?" Na ce ya rubuto, yana gaishe ki da kyau. Ƙarya na yi mata, don ko ƙanshin gaisuwa babu a takardar.

Bari in tuna maka, ko daji ya sa ka mance. Shekara huɗu ke nan da kuka rabu da ƙanwata, alƙali ya yanke abin da za ka riƙa bayarwa duk wata na yaran nan biyu. Wata goma sha huɗu ke nan da muka binne ta. Tun daga ranar na kwaso kayana na dawo ɗakinta na riƙe su. Kaya sun yi tsada sau nawa a tsakani? Na taɓa rubuto maka na ce ƙara? Ban taɓa ba. Amma yarinya ta bar gida mako uku kacal, ko zanen gadonta ban cire ba, har ka zaro wuƙa ka raba kuɗi biyu.

Mai gida bai hau bene ya ce tunda mutum ɗaya ta tafi an rage haya ba. Mai kantin magani bai ce tunda yayar ba ta nan a sha rabin ƙwaya ba. Ƙwan fitilar ɗakin nan ma bai rage haske ba.

Ka aiko da ciko in direba zai dawo. Ba roƙo nake ba.

Innar yara

*

Alhamis, sha huɗu ga wata

Yaya,

Na amsa sallama. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah Ya saka da alheri. Bayana da sauƙi, na samu man shafawa wajen mai ba da magani na sansaninmu. A shafa mini kan Auta, a ce babanta na gaishe ta, wannan karon da gaske.

Yaya, wasiƙarki ta zo da zafi, sai da na ajiye ta gefe ta huce kamar tukunya. Amma ki saurare ni. Shekara ashirin ina dafa wa ma'aikatan hanya abinci. A nan komai da kai ake yi. Kullum da safe shugaban ma'aikata zai faɗa mini kawuna nawa ne. In ya ce arba'in, mai sito ya auno mini na arba'in. In biyu sun tafi gida, na talatin da takwas zai auno. Ba wanda ya taɓa cewa an cuce shi. Alƙali na yara biyu ya yanke. Ɗaya ta kai sha tara, ta tafi makarantar koyon jinya, can take ci can take kwana. Saura ɗaya. Ina laifina a nan?

Albashina kuma kin san shi, ba girma yake yi ba.

In abin ya yi miki nauyi, ga shawara. Na yi magana da babbar yayata, ta ce a kawo mata Auta. Gidan cike yake, yara takwas, ba za a rasa mai sa mata ido ba. Ke ma ki samu ki huta. Kin yi iya yinki, ba mai zarginki.

Ƙaninki,
Kuku

*

Lahadi, sha bakwai ga wata

Baban yara,

Na gaishe ka, don an koya mini gaisuwa a gida. Muna lafiya. Auta ta faɗi sau ɗaya ranar Talata, bai daɗe ba.

Tunda da kawuna kake aiki, bari in tambaye ka da yaren kicin ɗinka. Ranar da mutum ashirin suka tafi, rabin wuta kake hurawa? Rabin tukunya kake ɗorawa a murhu, rabi ka bar shi a ƙasa? Ko ƙafa ɗaya kake tsayawa da ita?

Ka ƙirga 'Yar Fari a baki mai ci. Ba ka ƙirga ta a hannu mai aiki ba, don ba ka taɓa ganin aikin ba. To ga shi. Ina fita ƙarfe shida da rabi, ba na dawowa sai shida na yamma. Ana tashin su Auta ɗaya da rabi. 'Yar Fari ke zuwa ɗauko ta, ta sa ta ta gefen bango ita ta bi ta gefen motoci. Benen nan matakala goma sha bakwai ne, kullum tana bayanta, hannu a buɗe. In abin ya zo, ta kwantar da ita ta gefe ɗaya, ta sa mata filo, ta kawar da duk abin da zai ji mata ciwo, ta dubi agogo. In ya wuce minti biyar, asibiti. In ya lafa, ta canza mata kaya tun kafin ta farfaɗo, don kada ta ji kunya. Wa ya taɓa biyan ta? Kyauta take yi, shi ya sa bai shiga lissafinka ba.

Yanzu ka san yadda nake yi? Lokacin cin abincin rana nake rugawa in ɗauko ta, in kai ta ɗakin wanki in ɓoye bayan kantar zannuwa. Yarinya mai farfaɗiya, tsakanin injin tururi da dutsen guga. Shugabarmu ta kama ni sau biyu. Ta ce, "Ina tausayinki, amma ranar da ta faɗa kan abu mai zafi, ni da ke duka za a kora." Gaskiyarta. Mai Ɗinki ta ƙasan benenmu ta yarda ta riƙe ta da rana, amma sai an biya, don duk ranar da abin ya tashi kekenta a tsaye zai yini. Ita ma gaskiyarta. Ka ga tafiyar 'Yar Fari ƙara mini kashe kuɗi ta yi, kai kuma a watan ka ga damar ragewa.

Sai maganar yayarka. Yayarka da Auta ta faɗi a gabanta ranar da suka zo mana gaisuwar rasuwa, ta cusa mata cokali a baki har haƙori ya ɓalle? Wadda ta janye 'ya'yanta waje wai kada su ɗauka? Can za a kai ta? Yara takwas za su sa mata ido, e, su zagaye ta suna kallo.

Wai in huta. Ranar da ƙanwata za ta cika, da la'asar ne, tana kwance a asibitinmu, na hau daga ɗakin wanki da rigar aiki a jikina. Ta riƙe gefen rigar ta ce, "Yaya, kada ki bari a yi ta yawo da Auta gida-gida." Iyakar abin da ta roƙe ni ke nan. Washegari zanen gadon da ta cika a kai ya sauko cikin kayan wanki. Na gane shi, akwai tabon shayin da na zubar a gefe. Ni na wanke, ni na goge, ni na ninke. Kada ka sake ce mini in huta.

Auta ba ta zuwa ko'ina. Ka aiko da ciko.

Innar yara

*

Laraba, ashirin ga sabon wata

Baban yara,

Sallama. Ban san ko kana lafiya ba, tunda mako biyar ke nan ba direba, ba ambulan, ba amsa. In shirun na fushi ne, to ka ci gaba. Mu ba mu lafiya.

Shugaba ta hana ni shigo da Auta gaba ɗaya. Kuɗin Mai Ɗinki babu. Sai na rataya wa yarinya 'yar shekara tara mukulli a wuya, na ce in ta dawo ta hau bene a zaune, matakala ɗaya-ɗaya, ta shiga ta kwanta a tabarma har in dawo. Kwana takwas tana yi. Ran na tara ta ga 'yan ajinsu na kallo, ta ji kunyar hawa a zaune, ta miƙe. A matakala ta goma sha ɗaya abin ya same ta. Mai Ɗinki ce ta ji ƙarar. Ɗinki shida aka yi mata a goshi. A asibitin da nake aiki, ina ƙasa ina ninke zannuwa, ana sama ana ɗinke ta, ban sani ba sai da aka aiko. Da ta buɗe ido abin da ta fara cewa shi ne, "Inna, ban yar da mukullin ba."

Ranar Litinin na je kotu. Kada ka yi mamaki, kai ka kai ni. Magatakarda ya lalubo takardarku ya karanta mini da kyau, har sau biyu. Alƙali kuɗi ɗaya ya rubuta, dunƙule. Bai ce kaza na babba, kaza na ƙarama ba. Magatakarda ya ce uba ba shi da ikon ragewa da kansa don ɗaya ta bar gida. In yana ganin abubuwa sun canza, sai ya zo ya nema, alƙali ya duba abin da yake samu da abin da yarinyar da ta rage take buƙata, ya yanke sabo. Kafin nan tsohon hukunci na nan daram, abin da aka rage kuma yana wuyan uba. Ka ji? Ba mai sito ba ne alƙali.

Har na fara jin daɗi. Sai ya cire tabarau ya ce, "Amma baiwar Allah, takardar nan da sunan marigayiya take, ke ba kya ciki. In aka buɗe maganar, uban na iya cewa a ba shi 'yarsa." Na fito na zauna a kan dakalin bakin kotu har rana ta bar ni. Ban shigar da komai ba. In na yi shiru, ba kuɗin mai riƙe ta. In na yi magana, ka ɗauke ta ka kai wa mai cokali. Ka ɗaure ni da kyau.

Saura ɗaya. Ina neman katin asibitin Auta a akwatin takardu, sai ga kwafin takardar neman shiga makarantar 'Yar Fari. Ni an ce mini gurbin kyauta ta samu, har na bi maƙwabta ina faɗa. A ƙasan takardar, wurin mai ɗaukar nauyi, sa hannunka ne. Na san shi, wannan mai kama da ƙugiya. Wata biyar kafin ta tafi. Ashe kai ka fitar da ita. Ka shirya komai a ɓoye, ka cire mini hannun damana, sannan ka ce saura kai ɗaya. Ban taɓa zaton wayonka ya kai nan ba. Ƙanwata ta sha ce mini ba mugu ba ne kai, tsoro ne ya yi maka yawa. Da tana nan da na ce mata ta yi kuskure.

Innar yara

*

Asabar, talatin ga wata

Yaya,

Ina gaishe ki, in kin amsa. Yaya goshin Auta? Tun da na karanta ban iya ɗanɗana abin da na dafa ba.

Ba fushi na yi ba. Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da babban titi, mota ba ta shiga ba ta fita, wake muka yi ta ci har ma'aikata suka fara zagina. Jiya direba ya shigo ya miƙo mini wasiƙunki biyu a haɗe. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu a zaune. Ga ambulan na wata biyu, rabi-rabi ne, don shi ke hannuna. Ki karanta kafin ki yaga.

Sa hannuna ne, ban musa ba. Amma ba ni na fitar da ita ba. Ita ta rubuto mini, wata shida kafin tafiyarta. Takardar na cikin aljihuna, ga abin da ta ce: "Baba, tun ina shekara sha biyu nake kallon agogo. Ina son Auta, ina son Inna. Amma kullum na shiga ɗakin nan gadon Mama nake gani. In ban fita bana ba, ba zan taɓa fita ba. Don Allah kada ka gaya wa Inna ni na roƙa, za ta ce na gudu na bar ta."

Babu wani gurbin kyauta. Rabin da na cire, makaranta yake tafiya, kuɗin karatu da na kwana da na abinci. Ko sisi bai shiga bakina ba. Na yi mata alkawari ba zan faɗa ba, kuma ban san yadda zan bayyana miki rabin ba, sai na fake da maganar kawuna. Ba ƙarya zalla ba ce, Yaya, da gaske na ɗauka haka lissafin yake. Ban san aikin da take yi ba. Ban tambaya ba.

Marigayiya ba ta yi kuskure ba. Tun Auta na ƙarama, in abin ya tashi, fita nake yi wai zan nemo mota. Sai ya lafa nake dawowa. Ban taɓa tsayawa na gani har ƙarshe ba. Cikin abin da ya raba mu da uwarsu har da wannan.

Maganar yayata na janye. Ban san labarin cokali ba, ba wanda ya gaya mini. Ba zan ɗauke Auta ba.

Amma ga ni tsakanin 'ya'ya biyu da albashi ɗaya. In na cika miki, 'Yar Fari ta dawo gida. In na biya mata, Auta na hawa bene ita kaɗai. Na juya lissafin ta ko'ina bai fita ba. Ki faɗa mini yadda za a yi.

Ƙaninki,
Kuku

*

Talata, biyu ga wata

Baban yara,

Na amsa gaisuwa. An cire zaren goshin Auta, tabo zai zauna. Tana ta duba shi a madubi, wai ya yi kama da layin dogo.

Wasiƙarka ta same ni ranar Lahadi da hantsi. Ban gama share hawaye ba sai na ji ana jan akwati a matakala. 'Yar Fari ce. Mai Ɗinki ta aika mata labarin faɗuwar. Ta shigo ta rungume Auta, ta juyo ta ce, "Inna, na dawo ke nan. Na kwaso komai."

Na ce, "Wa ya kira ki?"

Ta ce, "Laifina ne."

Na ce, "Laifinki ɗaya, kin mayar da ni dodo. Ni za ki ɓoye wa? Ni da na yi miki wankan farko? Gurbin kyauta! Har Mai Ɗinki na sa ta yi miki addu'a a kan gwamnati ta ga ƙoƙarinki, ashe gwamnatin tana daji da ludayi a hannu."

Ta yi dariya tana kuka. Auta ta ce, "Yaya, kin yi ƙiba." Ka san kuwa ta yi. Kumatunta sun fito. Shekara bakwai ban taɓa ganin yarinyar nan ta zauna ba tare da idonta na kan ƙanwarta ba, har na ɗauka haka Allah Ya yi ta. Ni ma ban ƙirga aikinta ba, Baban yara. Na dai fi ka sanin yana nan, amma ban taɓa tambayar ta ko ta gaji ba. Wannan nawa ne, na ɗauka.

Jiya da safe na ja akwatin da kaina har tasha. Ta ce ba za ta shiga mota ba. Na ce, "Uwarki amanar Auta ta ba ni, ba ta ce in ɗaure ki a ƙafar gado ba. Shiga, kafin in tara miki mutane." Ta shiga.

Kada ka ɗauka na huce. Ku biyu kuka zauna kuka yanke shawara a kan rayuwata da ta Auta, ba wanda ya ga ya kamata a gaya mini. Da ka rubuto gaskiya tun farko, da na nemi hanya kafin ta tafi, da goshin yarinyar nan lafiya lau yake. Layi ɗaya ka rubuto, ita ta biya da ɗinki shida.

Ka ce in faɗi yadda za a yi. To ji. Na roƙi shugaba ta mayar da ni aikin safe, in riƙa tashi daga aiki ƙarfe uku na rana. Albashina zai ragu, amma awa ɗaya da rabi kawai za a biya Mai Ɗinki. Nawa ke nan. Naka kuwa, hutun shekarar nan da kake sayar wa kamfani kullum, bana ka karɓe shi ka zo. Mu je gaban alƙali tare, da takardar albashinka, da ta makaranta, da ta magani. Shi ya yanke, ba kai ba, ba ni ba. Kuma a gabansa ka faɗa da bakinka a rubuta sunana, cewa Auta a hannuna take. "Ba zan ɗauke ta ba" a wasiƙa bai ishe ni ba. Na gaji da kwana da tsoron abin da ambulan zai zo da shi.

Innar yara

*

Juma'a, sha biyu ga wata

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na karɓi hutu, ɗaya ga wata ina tafe. Zan faɗa a gaban alƙali, a rubuta sunanki.

Akwai sansanin masu aikin gada kusa da mu, ba su da mai gasa burodi. Na karɓa, zan riƙa yi musu kafin in hura tawa wutar. Bayana zai yi magana, ya yi ta yi. Kuɗin na 'Yar Fari ne.

Watan da zan yi, kada a biya Mai Ɗinki. Ni zan riƙa ɗauko Auta in zauna da ita har ki dawo. Abokina mai gadi ya ba ni wurin kwana. Ki rubuta mini abin da ake yi a takarda, da manyan baƙaƙe. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji.

Kuku

*

Alhamis, shida ga watan bayan tafiyarka

Baban yara,

Sallama. Da fatan ka koma lafiya, kuma masu gada ba su karya haƙori da burodinka ba. Muna lafiya. Auta na wajen Mai Ɗinki daga ɗaya da rabi zuwa uku, har an koya mata sa zare a allura. 'Yar Fari ta rubuto, ta ci jarrabawar farko.

Direba ya kawo ambulan. Na ƙirga a gabansa, ya ce, "Inna, yau kallon da sauƙi." Daidai yake da sabon abin da alƙali ya yanke. Ka dai ji da kunnenka, ba rabi ba ne, kashi uku cikin huɗu ne. Na ga fuskarka lokacin da ya tambaye ka wa ya ba ka izinin rabawa, ka fara ba shi labarin mai sito. Da ba kotu ba ce da na yi dariya. Abin da ka rage a baya da na ce na yafe, ba don kai ba ne, don cikin 'Yar Fari ya shiga.

Takardar da ke da sunana na sa ta a leda, tana ƙasan akwati tare da katin asibitin ƙanwata. Ranar da aka ba ni na dawo na zauna a gadonta na karanta mata da ƙarfi. Ka ce na haukace in ka ga dama.

Akwai abin da ban gaya maka ba kafin ka tafi. Ranar Larabar nan da abin ya tashi kana tare da ita, ka ce mini da na dawo na tarar an gama. Ba haka ba ne. Na hau bene tun ana ciki, ƙofa a buɗe. Na gan ka durƙushe, ka kwantar da ita ta gefe, hularka a ƙarƙashin kanta don ka rasa filo. Ga agogo a hannunka ka mance da shi, kana ƙirgawa da baki, da ƙarfi, muryarka na rawa. Na ga ka dubi ƙofa sau ɗaya. Ba ka gan ni ba, ina bayan labule. Na ce a raina yanzu zai tafi neman mota. Sai ka mayar da kai ka ci gaba. Ɗari da sittin da biyu ka kai ta lafa. Ƙafata ta yi ta ja na in shiga, na hana ta. Na sauka na zauna wajen Mai Ɗinki har ka gama canza mata kaya.

Ban gama fushi ba, kada ka saki jiki. Kullum na yi mata kitso sai na ga tabon.

Kuma ambulan ɗin nan ya zo cike amma ba takarda a ciki, ko layi ɗaya. Auta ta tsaya a kaina ina buɗewa, ta ce, "Me Baba ya ce?" Na ce yana gaishe ki da kyau. Ta ce, "Nuna mini wurin." Yarinyar ta iya karatu yanzu. Wata mai zuwa ka rubuto mata da hannunka, don ni na gama yi maka ƙarya.

Innar yara